Tambayar da Luba Ta Kai Dubiya

"Ki ajiye kunun, ki ce sannu, ki fito," in ji Sailuba matar Malam, ta tokare bakin ƙofa da hannu. "Likita ya ce kada a sa Malam magana."

Luba ta ce to. Amma Allah ya sani ba kunu ne ya kawo ta ba.

Katanga ce kawai tsakanin gidanta da na Malam Bamalli a unguwar Wambai. Shi ya raɗa wa ɗanta Ismail suna, shi kuma ya sallaci gawarsa bara, da motar da ya shiga zuwa Abuja ta kife a wajen Dutsen Zuma. Tun ranar abu ɗaya ke riƙe da Luba: wata rana za su haɗu can, ya waiwayo ya ce "Umma".

To, Luba tana kai wa leburorin gini abinci a Abuja, tun da gwamnati ta taso daga Legas. Wata safiya wani mai laktaya ya miƙe a cikin bas yana wa'azi. "Una book get two mouth!" Sai ya juya Hausa. "Alƙur'aninku baki biyu gare shi. Wani wuri ya ce ran ƙiyama babu dangi, ba mai tambayar wani. Wani wuri ya ce za su juyo suna tambayar juna. To wanne ne?"

Mota ta kaure da hayaniya. Rebeka, abokiyar sana'arta Kirista, ta ja rigarsa. "Oga zauna, mu ma ba mu aike ka ba."

Kowa ya sauka ya manta, ban da Luba. Ita ba musun ne ya dame ta ba, rabin maganar ne ya maƙale mata a wuya: ba mai tambayar wani. Abinci ya daina shiga, salla sai tunani. An ce matambayi ba ya ɓata, amma wanda ya faɗi haka bai zauna a unguwarsu ba. Mace ta yi irin wannan tambaya da hantsi, kafin la'asar an ce ta fara shakkar Alƙur'ani. Malam kaɗai ta yarda da shi, ga shi kwance, kuma ko yaro ya san ba a yi wa mai jinya zancen ƙiyama.

Ɗakin yana warin man zafi. Malam ya rame, ƙafafunsa sun kumbura, littattafansa na jere a kan akwati ba mai taɓawa. Ta durƙusa.

"Sannu, Baba Malam. Ya jiki?"

"Da sauƙi. Ke ce ba lafiya, Luba. Faɗi."

Ta yi niyyar barin kaza cikin gashinta, amma baki ya riga ta. Ta faɗa duka, tana kuka. Sailuba ta faɗo ɗakin.

"Innalillahi! Luba, kanki ɗaya? Mutum na kwance kina kira masa tashin ƙiyama?"

"Bar ta," in ji Malam. "Ni na fi kowa kusa da zancen." Ya daɗe yana neman numfashi. "Duka biyun suna ciki, bai yi ƙarya ba. Luba, ranar da motar ta kife, ina zaure kika wuce ni. Ba mayafi, takalmi ƙafa ɗaya. Na kira ki. Kin amsa?"

"Ban ma gan ka ba, Baba."

"Uwarki na bayanki tana ihu. Kin waiwaya?"

Ta girgiza kai.

"Da yamma fa? Na ji ki ta katanga, kina tambayar masu gaisuwa daga Lambata yaya hanya. Rana ɗaya ce ko biyu?"

"Ɗaya."

"To waccan ranar ta fi taki tsawo. Sa'ad da aka busa ƙaho kowa ta kansa yake. Bayan nan akwai wurin da ake zama a tambayi juna. Kowace aya da lokacinta."

"Zai neme ni ke nan?"

Malam ya rufe ido. "Wannan a hannun Mai Rahama yake, 'yata. Ban isa in yi miki alkawari ba. Ki roƙa mana a kai mu wurin zaman." Tari ya sarƙe shi, Sailuba ta tura Luba waje ba ko sallama.

Washegari da hantsi Luba na tsame shinkafa ta ji salati ta katanga. Malam ya cika. Ta tabbata ita ta ƙarasa shi, ta kuma tabbata Sailuba ba za ta sake kallonta ba har abada. Duk da haka ta yafa mayafi ta shiga. A tsakar gida Sailuba ta bangaje ta ta wuce, ɗankwali a hannu, kamar ta wuce turmi.

Aka kai Malam bayan azahar. Luba ta raɓe a ƙarshen tabarma, bayan mata, inda ba za a gan ta ba. Ba ta ɗaga kai ba har inuwar mangwaro ta rufe tsakar gida, masu gaisuwa suka ragu. Sai ta ji tabarma ta motsa a gefenta.

Sailuba ce, idanunta jajir. Ta zauna, ta daɗe tana kallon ta.

"Luba," ta ce, murya a dushe, "kin ci wani abu kuwa yau?"

Sailuba ta jawo kwanon kunun jiya da ta ɗumama, ta ajiye a tsakaninsu, da ludayi biyu.