Hannun Hagun Likita Aubertin

Ba a taɓa yin mai ƙaunar talakawan garin Alençon kamar Likita Aubertin, gwanin cire yanar ido, ba. Attajiri sai ya gaji da jiransa. Talaka kuwa kyauta yake yanka shi, ba ɓata lokaci.

Perrine mai ɗinkin leshi ta je asibitin sadaka da idon hagu fari fat kamar madara. Na dama ya fara hazo, amma da shi take ganin zare, da shi gidan ke cin burodi tun da ciwon baya ya kwantar da mijinta Mathurin.

Likita ya leƙa na hagu, ya saki. A kan na dama ya daɗe.

"Wannan za mu yi, uwa."

"Ranka ya daɗe, ai ɗayan ne mataccen."

"To ina matacce ina gaggawa?"

Ɗalibansa suka yi dariya. Ita ma ta taya su, don ba ta san yadda ake musu da mai yi maka kyauta ba.

Abin da ba a gaya mata ba, kowane ɗalibi ya sani. Likita gaba da gaba yake zama da majinyaci: idon hagu da hannun dama ake yanka shi, idon dama da hannun hagu. Basaraken lardin kuwa idonsa na dama ne ya yi yana, hannun hagun likita kuma bai faɗa ba tukuna.

Aka danne mata kai. Hannun hagun likita ya goce, wani abu mai ɗumi ya gangaro mata a kunci.

"Yauwa," in ji likita. "Yanzu na gane."

*

Basarake ya warke. Aka kaɗa ƙararrawar coci, aka rataya wa likita lambar girma. Idon Perrine na dama kuwa ya mutu.

Mathurin ya ce ta koma a gyara na hagun, tunda hannun daman mutumin ai ya ƙware. Wata maƙwabciya ta ja ta har ƙofar asibiti. Wani ɗalibi ya shaida mata cikin ladabi cewa likita ya daɗe da ƙwarewa a aikin idon hagu; babu sauran abin da zai koya a ciki.

"Me suka ce?" Mathurin ya tambaya daga kan gado.

"Sun ce an gode."

Ta lalubi kujerarta, ta ja ta bakin taga inda haske ya fi, kamar kullum. Ta lashi bakin zare, ta shiga neman kafar allura.