Mari a Sunan Mai Neman Serah

Thaddeus na Kurudu mutum ne da ko gaisuwa sai ya juya ta ya duba bayanta. Da wani mai sa tayil ɗan Togo ya zo neman auren 'yarsa Serah, sunan kawai ya ji hankalinsa ya tashi: Jean-Marie.

"Jan na ji," in ji shi. "Ita Marin wace ce?"

"Ni ne, Baba," in ji saurayin da Hausarsa ta kasuwa. "Suna ɗaya ne. Jan shi ne Yohanna, wato Allah ya yi alheri. Mari kuma Maryamu, uwar Yesu. Faransawa na haɗa sunan tsarkaka biyu, fada-fadansu na coci suka kawo mana. Mamana ta binne yara kafin ni, sai ta sa ni a hannun Maryamu."

A ransa Thaddeus ya gama yanke hukunci: akwai mata a Lome, babban birnin Togo, har sunanta ya manne wa mijin. Ya mayar da kayan gaisuwa, ya hana Serah fita zance.

"Baba, maƙwabcinmu Muhammadu Sani mutum biyu ne?" in ji ta.

"Sani dai ba mace ba ce."

Zargi mugun baƙo ne, in ka ba shi tabarma sai ya nemi ɗaki. Thaddeus ya rufe shagonsa ya hau mota har Bwari, inda 'yan Togo ke aikin wani bene, don ya kama bakin zaren. Ya tsaya cikin buhunan siminti ya tambaya kamar bai san komai ba:

"Ina Mari? An aiko ni wurinta."

Wani ƙaton dattijo mai furfura a gemu ya ajiye cebur ya miƙe.

"Ga ni, oga."

Ashe shi ma Jean-Marie ne. Da suka zama biyu a wurin aiki, sai aka raba musu sunan, saurayin Serah ya ɗauki Jan, tsohon aka bar masa Mari. Leburori suka yi ta dariya. Thaddeus ya ƙare wa gemun kallo, ya juya.

Ya aika a dawo da kayan gaisuwa. An ɗaura aure, Serah ta tare. Amma har yau Yohanna yake kiran surukinsa, kuma duk wanda ya ji zai je Lome sai ya ja shi gefe ya ce ya bincika masa labarin wata Mari.