Galan Biyu Masu Jan Fenti

A shekarun da kuɗin man fetur ya yi yawa a gida, gwamnati ta turo Nata'ala London koyon gyaran injin jirgin ruwa. Aka haɗa shi da wani tsohon Bature mai wurin gyaran ƙananan jirage a bakin kogin Lea, kusa da Edmonton, inda Nata'ala yake zaune da matarsa Hansai da 'yarsu Luba.

Da watan Oktoba ya kama, aikin wurin ya koma shirya injina kafin sanyi. Ruwan cikin inji in ya daskare yakan fasa ƙarfe, don haka sai a tsiyaye shi a ɗura wani shuɗin ruwa da ake kira antifiriz. Tun ranar farko tsohon ya ja masa kunne. Ya ce abin zaƙi gare shi, kuma guba ne. Kyanwarsa ta taɓa lasar wanda ya zube a ƙasa, ba ta yi kwana uku ba. Ba a zuba shi a kogi, ba a zuba shi a kwata. Wanda aka fitar daga inji a duro mai murfi ake tara shi, mota ta zo ta ɗauka. Galan ɗin da ya ƙare kuwa, Nata'ala ne ke shafa masa jan fenti ya jingine shi a bayan ƙofa.

Ran Asabar ake taron suna a gidan maƙwabciyarsu Karimatu, Hansai ce ta ɗauki nauyin abin sha. Nata'ala ya tashi aiki da azahar. Tun daga matakala ya ji ƙamshin citta da kanumfari. Yana leƙa kicin ya ga galan biyu a kan tebur, cike da zoɓo, kowanne da jan fenti a wuya.

Ya tsaya da jakarsa a hannu. Ya tambayi Hansai inda ta samo su. Ta ce shekaranjiya da ta kai masa abinci ta gan su a yashe, farare tas, ga murfi mai kyau. A Kano wa zai bar irin wannan a bola? Ta wanke su sau uku da sabulu da ruwan zafi, ta kife su suka bushe.

"Akwai wanda ya sha?"

"Ni na ɗanɗana tun yana tukunya. Luba ta yi ta naci, na ce sai an je can."

Ya ajiye jakar, ya zauna a kan kujera. Sai da ya yi hamdala a ransa sannan ya ba ta labarin shuɗin ruwan da kyanwar tsohon. Ta ce ai ba abin da ya rage a ciki, ta shinshina ba ta ji komai ba. Ya ce ƙila haka ne, amma shi ba zai iya rantsuwa ba, kuma in ma akwai saura, wa zai gane zaƙi a cikin zaƙi?

Hansai ta dubi galan ɗin. Busasshen zoɓon nan mahaifiyarta ce ta aiko da shi daga gida, wata huɗu tana tattalinsa, kuma duka ta juye.

"Baban Luba, yanzu da wane ido zan kalli matan nan?"

"Ki gaya musu gaskiya. Yara nawa ne za su zo?"

Ta fara ƙirga su da yatsu, da ta kai bakwai ta daina. Ta miƙe ta ɗora babbar tukunya, ta ce akwai sauran citta da lemon tsami, za ta haɗa wani abu ta kai shi a tukunyar haka nan.

Nata'ala ya ɗauki galan biyun ya hau bas ya koma bakin kogi. Ya juye zoɓon a duro, tsohon yana kallo. Sannan ya ɗauko ƙusa da guduma ya huda gindin kowane galan da ke bayan ƙofa, har guda goma sha ɗaya.

Daga ranar haka yake yi wa duk wanda ya ƙare. Da Hansai ta sake kawo masa abinci, ta ɗaga ɗaya ta leƙa, ta hango ƙasa ta hujin. Ta ajiye shi a hankali, ta ce ɓarnar mutanen ƙasar nan dai ta kama shi. Sannan ta tambaye shi ko ya wanke hannu kafin ta buɗe masa kwano.