Bakin da Makirfo Ya Rufe

Duk wanda ya yi shekara ashirin a ɗakin injunan masaƙa, to a can ya baro kunnensa. Baba Wilfred kuwa ashirin da shida ya yi. Injuna suna ta ƙara daga safe har yamma, ko tsawa aka yi a waje ba mai ɗaga kai. Dole ta sa ma'aikatan suka koyi hira da ido: ka motsa leɓe, na can ƙarshen layi ya karanta ya ba ka amsa. A haka ake gaisawa, a haka ake tsokana, a haka ma ake zagin oga yana tsaye a wurin. Amma suna da doka guda. Ba ka sa hannu ka kare bakinka alhali kana kallon mutum. Wanda ya yi maka haka ya gaya maka ke nan, a gaban jama'a, cewa ba ka isa ka ji maganarsa ba. An sha ba hammata iska a bakin get saboda wannan.

Masaƙa ta rufe, ta bar Baba Wilfred a Unguwar Boro da tsohuwar jita da kunnen hagu mai ɗan saura. Da wannan kunnen ya koya wa 'yarsa Vivian waƙa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, domin shi ne ya shekara goma yana jan mawaƙan cocinsu kafin kunne ya sa ya sauka. Tun tana 'yar shekara bakwai yake zaunar da ita a kan benci a tsakar gida, ya sa tabarau, ya dafa cikin jitar da tafin hannu don ya ji motsin kiɗan, ya zuba wa bakinta ido.

"Buɗe baki, Vivi," yakan ce. "Ban ga kalmar nan ba. Sake."

Da ta fara tsara nata waƙoƙin, shi ne alƙali. Duk baitin da ya kasa karantawa a leɓenta sai ya ce bai nuna ba, ta koma ta gyara. Tana gunaguni tana gyarawa. Lokacin da kunnen hagun ma ya tafi, babu abin da ya canja a gidan, don dama ba da shi yake sauraronta ba.

Ta girma, sunanta ya ɗan fita. Ana kiranta biki a Barnawa, ana kiranta taro a Sabon Tasha, wani lokaci har Jos. To a nan ne abin ya lalace. Mahaifiyarta Edith ta rasu, aka sa jana'iza ranar Asabar da safe a ƙauyensu kusa da Zonkwa. Vivian tana da wasa a Jos ranar Juma'a, wasan da ta shekara tana nema. Ta ce za ta yi, ta kamo hanya da asuba ta iso a kan lokaci. Mota ta lalace a hanya. Ta iso an rufe kabari, mata suna wanke tukwane.

Baba Wilfred bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi sauƙi. Ya dube ta, ya ce, "Sannu da hanya," ya shige ɗaki. Shekara biyu ke nan gaisuwa kawai ke haɗa su. Ta sha zuwa gidan da niyyar durƙusawa, da ta ga fuskarsa sai maganar ta maƙale, ta ɓige da tambayarsa ko ya sha magani. Abin yana cinta ƙwarai. A ƙarshe ta yi abin da ta iya, ta zauna ta tsara tubanta a waƙa. Wata huɗu tana yi a gaban madubi, tana duba kowace kalma a leɓenta, tana cire waɗanda ke ɓuya a cikin baki.

Sai ga labari ya zo mata cewa Baba ya saki ɗakin da yake haya, ranar Litinin zai koma ƙauye gaba ɗaya. Ita kuma ranar Lahadi da yamma tana da wasa a wani ɗakin taro a Barnawa. Ta hau keke Napep har Makera, wurin Malam Isiyaku, abokin Baba tun suna kan inji ɗaya, wanda yanzu yake sayar da yadi.

"Baba Isiyaku, don Allah ka kawo mini shi. Kai kaɗai yake jin maganarka."

"Ji kuma? Wilfred?" Tsohon ya yi dariya, sannan ya ga idonta ya daina. "To, 'yata. Ko a kafaɗa ne zan kawo shi, in Allah ya so."

Ya kuwa cika alkawari. Ƙarfe huɗu suka shigo, Baba Wilfred cikin kwat ɗinsa na zuwa coci, ya goge tabarau tas. Aka zaunar da su a kujerun gaba, daidai tsakiya. Vivian ta leƙo daga bayan labule ta gan shi.

Ana gab da kiranta aka ɗauke wuta. Aka tayar da janareta, wani tsoho mai tari da aka ajiye a jikin taga, ƙararsa ta cika ɗakin. Mai kula da sauti, wani da ake kira Sam, ya rugo yana gumi.

"Sista Vivian, abeg, don Allah, lasifikar nan ba ta ja. Ki cire makirfo daga kan ƙarfen, ki manna shi a baki, ki rufe da hannu biyu. In ba haka ba wallahi na baya ba za su ji komai ba. Tony makaɗinki zai riƙe jitar."

Ta ce to. Haka mawaƙa suke yi in sauti ya yi gardama, ita ma ta yi hakan ba sau ɗaya ba, hannunta ya saba. Hankalinta yana kan baitocin, kada kuka ya ƙwace mata a tsakiya. Ta hau dandamali, ta ce wannan waƙar ta mutum ɗaya ce a ɗakin nan. Ta dunƙule makirfo da tafukanta biyu, ta kai shi bakinta, ta kafe mahaifinta da ido, ta fara:

"Na iso an tattara kujeru,
An wanke tukwane an kife.
Baba, ba ni da hujja,
Laifin nawa ne ni kaɗai."

Muryarta ba ta taɓa yin daɗi irin na ranar ba. Mata suna share hawaye da bakin ɗankwali. Ita kuwa ba ta ɗauke ido daga kansa ba, tana jira ta ga fuskar ta saki. Sai ta ga ya ɗan karkato gaba, ya gyara tabarau, ya leƙa ta dama, ya leƙa ta hagu. Ya waiga ya ga mutane suna kallonsa. Ya sake dubanta. A baiti na biyu ya miƙe, ya ɓalle maɓallin kwat ɗinsa ya sake ɓallawa, ya bi tsakiyar kujeru ya fita a hankali.

Ta ƙarasa waƙar don ba yadda za ta yi. Aka yi ta tafi. Ta sauko ta tarar da Malam Isiyaku shi kaɗai a bakin ƙofa, ransa a ɓace.

"Bai yafe ba ke nan," ta ce.

"Ya yafe me? Me ya gani da zai yafe? Haba 'yata! Ke da kika tashi a gidan ɗan masaƙa, ki tsaya a gaban mutum ɗari biyu, ki kalle shi ido cikin ido, ki rufe baki da hannu biyu? Ce mini ya yi, 'Isiyaku, ashe kawo ni ka yi a nuna wa duniya ban isa ba.' Na yi masa bayani, ya juya mini ƙeya."

Vivian ta dubi hannayenta. Ta san dokar nan tun kafin ta san karatu. Wata huɗu a gaban madubi, kuma ita da kanta ta rufe komai. Ta zauna a kan dakalin ƙofa ta yi kuka kamar ƙaramar yarinya.

Ta je Unguwar Boro ta tarar da kwaɗo a ƙofa, maƙwabta suka ce ya kwashe kaya tun jiya, a wurin wani ɗan coci zai kwana, ba su san wanne ba. Da gari ya waye ta nufi tashar mota, wato garejin Talbijin. Ta bi motocin Zonkwa ɗaya bayan ɗaya har ta same shi a wata bas da ta kusa cika, yana zaune jikin taga da jakarsa a cinya.

Ta tsaya daidai tagar, inda rana ke haska fuskarta. Ta mayar da hannayenta baya ta harɗe su. Ba jita, ba makirfo, ga masu tallan burodi da ruwan leda suna ture ta. Ta buɗe baki sosai ta fara waƙar daga farko.

Ya gan ta. Idonsa ya sauka a kan leɓenta, don abin da ya saba ke nan, kuma ta tabbata ya karanta layin farko. Sai ya cire tabarau, ya naɗe, ya sa a aljihun gaba, ya jingina kai da kujera ya rufe idonsa. Kurma ba shi da wata hanyar toshe kunne da ta wuce wannan.

Ba ta tsaya ba. Ta yi baiti na biyu, ta yi na uku. Ɗan kamasho ya daina kiran fasinja. Matar da ke zaune kusa da shi ta taɓa kafaɗarsa tana hawaye, tana cewa, "Baba, 'yarka ce fa, dube ta mana." Bai motsa ba.

Direba ya jira har ta kai ƙarshe, sannan ya tayar da mota. Mutum goma sha takwas ne a cikin bas ɗin, goma sha bakwai sun ji tubanta tun daga farko har ƙarshe. Ta bi tagar da gudu har bakin titi, idonsa yana rufe.