Juyin da Auta Ya Koya wa Yayansa

Direban motar asibiti ne, kuma a gidansu shi ne babba, amma a ɗakin kokawa ƙaninsa Auta ne mai koyarwa. Ba kokawar tsaye ake yi a wurin ba. A kan katifun roba ake birgima, kuma duk wanda ya samu bayan abokin karawarsa ya sarƙe shi da ƙafafu, to wasa ya zo hannunsa.

Akwai wani juyi da Auta ke yi wanda ya tsaya wa direban a rai. Zai kwanta rigingine kamar an gama da shi, ya naɗe ƙafarsa a cinyar mutum, ya damƙi ɗamararsa, sai ya mirgina a kan kafaɗu, kai ƙasa ƙafa sama. Kafin ka ƙifta ido yana manne a bayan mutum, har yana tambayarsa ya iyali.

"Auta, abin nan zan koya."

"Yaya, da wannan tumbin?"

"Abincinka na ci?"

Ranar farko a kan wuyansa direban ya kife, sai da ya ga taurari. Auta bai yi dariya ba, ya ma harari masu yi. Ya durƙusa ya tura tafinsa ƙarƙashin ƙeyar yayan.

"In ka danne hannuna ka yi kuskure. Ta kafaɗa za ka bi, ka bar wuya ya huta."

Daga nan kullum in an tashi, Auta sai ya tsaya ya ba da jikinsa. Gwiwar yayan ta sha sauka a haƙarƙarinsa, wata rana har leɓensa ya fashe. Ya goge da hannun riga ya ce, "Ka kusa. Sake." Direban ya tsaya kallonsa. Wannan fa shi ne yaron da ke jifa da kwano in an taɓa masa nama. Ina ya samo wannan haƙuri?

Wata rana aka haɗa direban da wani ƙaton mai walda da ba a cika kayarwa ba. Mai waldan ya danno da ƙarfi. Direban ya kwanta, ya naɗe, ya damƙi ɗamara, ya mirgina. Rufin ɗakin ya juya masa, sai ga faffaɗan baya a gaban hancinsa.

"Ƙafar hagu, Yaya! Saka ta!" Auta ya ƙwala.

Ya saka, ya zagaye wuyan da hannu. Mai walda ya yi ta kiciniya, sannan ya bubbuga katifa alamar ya sallama.

"Kai, wa ya koya maka wannan mugunta?" in ji shi yana haki.

Direban ya nuna ƙaninsa da haɓa.

Da za su tafi direban ya riga Auta ɗaukar jakunkunansu. Auta ya miƙo hannu zai karɓa, ya hana shi. Haka ya sauka matakala da jaka biyu a kafaɗa, yana dafe da bango.