Mijin Aro

Odessa na cikin tsinkar tumatir a bayan gida motar asibiti ta tsaya ƙofar maƙwabtanta. Kafin ta zagayo har an fito da Bernice a kan gadon da ake turawa, mijinta Wendell na biye, ƙafa ɗaya takalmi, ɗaya silifa.

"Shigo motata," in ji Odessa. "A haka za ka yi tuƙi, ka kashe mutane?"

Na ce mijinta, to amma a takarda ba mijinta ba ne. Shekarar da aka rufe masana'antar taya inda Wendell ke aiki a nan garin Akron, inshorar lafiyarsu ta tafi tare da aikin, ciwon zuciya kuma ya kama Bernice. Inshorar gwamnati ta marasa hali ce, ɗan fanshon Wendell kuwa ya fitar da su daga sahun. Sai lauya ya ce su rabu a kotu, ita ta zama marar komai, gidan ya tsira. Suka sa kayan zuwa coci suka je aka raba su, suka dawo suka ci abinci a tebur ɗaya. Tun ranar Wendell ya zare zoben aurensa, ya zura a igiyar takalmi ya rataye cikin riga.

A asibiti wata yarinyar nas ta ɗago kai daga kwamfuta. "Baba, kai wane ne nata?"

Wendell dattijon coci ne, bai iya ƙarya ba. Ga kuma tsoro: in ya ce miji aka rubuta, masu inshora za su ce yaudara aka yi musu.

"Mun rabu," ya ce.

"To ka yi haƙuri. Doka ta hana in ba ka labarinta, sai dangi ko wanda ta amince. Ita kuma yanzu ba ta magana."

"Tana da rai dai?"

"Ko wannan ba zan iya ba, Baba."

Odessa ta matso. Ta dangwarar da jakarta a kan teburin nas ɗin. "Ni yayarta ce, uwa ɗaya uba ɗaya."

Aka shigar da ita. Likita ya ja ta gefe ya ce zuciyar ta gaji, da wuya ta kai dare. Odessa ta tsaya ta share ido da bakin rigarta mai warin ganyen tumatir, ta fito ta kama hannun Wendell.

"Wannan mijina ne. Ba a barinsa shi kaɗai, ɓata yake yi."

Nas ta dube su. "Mama, tsohon mijin ƙanwarki kika aura?"

"Ke yarinya, haka danginmu suke. Kar ki tona."

Yarinyar ta kalli takalmi, ta kalli silifa, sannan ta mai da ido kan kwamfutarta. "Mijin yaya ai dangi ne," ta ce a hankali. "Ƙofa ta ƙarshe."

"Odessa," Wendell ya raɗa a hanya, "ƙarya fa."

"Ni na yi, ba kai ba. Ja bakinka ka biyo ni."

Rana ta karkata kafin Bernice ta buɗe ido. Odessa ta sunkuya ta ba ta labarin yadda aka yi. Leɓunan marar lafiyar suka motsa.

"Tun ban tafi ba, Odessa?"

"Aro na yi, ga kayanki. Wa zai iya da minsharinsa? Daga ɗakina nake ji."

Bernice ta juyo da ido ta bi mijin da kallo har ƙasa. "Tsoho, ina ɗaya takalmin?"

"Yana gida."

"Ƙarƙashin kujera. Kullum nan yake."

Odessa ta koma bakin taga ta ba su baya, ta yi ta kallon motoci. Ba ta ji abin da suka faɗa ba, ba ta kuma taɓa tambaya ba. Kafin faɗuwar rana Bernice ta cika, hannunta cikin nasa.

Kayan mamaciya kuwa Odessa aka miƙa wa a leda, tunda ita ce 'yar'uwa. Sai a mota ta ɗora wa Wendell a cinya.

Da safe ta hango shi zaune a baranda, ledar a buɗe. Ya fito da rigar barci da tabarau, da wani zare mai zobe a jiki. Ashe ita ma a wuya ta rataye nata. Ya ciro igiyarsa yana fama da ƙullin, farcensa ya kasa. Odessa ta miƙa masa almakashin lambu ta saman shinge, ta koma cikin tumatirinta.

Da ta sake ɗagowa yana zaune, hannu a kan gwiwa. Ya mai da zobensa a yatsa, ya yi masa yawa yanzu, yana ta juya shi da babban yatsa.