An Ce Za a Zo Bincike

Su huɗu ne, kowa da ƙasarsa, kowa da sabon digirinsa na kimiyyar siyasa wanda ko tawadarsa ba ta gama bushewa ba. Sun haɗu a wani taro inda manya suka yi ta magana su kuma suka yi ta tafi, daga nan suka ga ai su ma za su iya gyara duniya. Akwai Mai Gemu, jagoran tafiyar. Akwai Mai Kyanwa, wadda kyanwarta ta fi ta yawan fitowa a allon kwamfuta. Akwai wani da layinsa ke yankewa kullum, har yau ba wanda ya san ra'ayinsa. Ta huɗu ita ce Auta, ƙaramar malama a jami'a. Kawunta, wanda ya riƙe ta tun tana ƙarama, shi ya raɗa wa sauran sunaye, don yakan leƙo ta bayanta in suna hira.

Tambayarsu ɗaya ce: me ya sa mutane ba sa zuwa taron unguwa? Hanyar da suka zaɓa don gano amsar kuwa ita ce su kira taron unguwa. Suka kuma kafa ƙa'ida, wai jama'a abokan aiki ne, ba abin nazari ba, kuma dole kowa ya zo da son ransa.

Auta ta bi layinsu shago shago tana cewa, "Ranar Asabar za mu zo bincike." Kalmar da take ci da ita ke nan a jami'a. A kan layin kuwa, masu bincike mutane ne da ke zuwa da mota, su tafi da kayanka. Kafin yamma tela ya cire wayar wutar da ya jawo daga sandar ƙofar shagonsa. Mai kanti ya janye teburan da suka cinye rabin titi. Mai kemis ya rufe ya tafi duba wani mara lafiya da ba wanda ya san shi. Ranar Asabar Auta ta zauna ita kaɗai a ajin firamaren da aka ara mata, ita da bencuna.

Mai Gemu ya yi mata magana da Turanci mai laushi, irin laushin da ake koya a makarantu masu tsada. Ya ce sun fahimta ƙwarai, amma in ba a samu mutane ba Asabar mai zuwa, za su ci gaba da ƙasashe uku. Auta ta san ma'anar wannan. In sunanta bai fito a kan maƙalar da za su rubuta ba, jami'a ba za ta tabbatar da ita a aiki ba.

"Dakta, me kika ce musu?" in ji Kawu, yana gyara tabarau.

Ta faɗa masa. Ya yi dariya har da tari.

"Duk littattafan nan da kika haɗiye, babu wanda ya gaya miki kada ki ce wa mai shago bincike?"

"Kawu, don Allah ba lokacin wasa ba ne. Zan koma in yi musu bayani."

"Bayani! Yi zamanki. Bar ni da su."

Asabar ta biyu aji ya cika har taga. Manya da tumbinsu sun takure a bencin yara, gwiwa na taɓa haɓa. Aka haska hoton abokan aikin Auta a jikin allo, sai ga lissafin 'yan aji biyu a goshin Mai Gemu. Auta na fassara, mutane na magana kamar an buɗe famfo: kwatar da ta toshe, fitilar titi, taron da ake kira bayan an riga an yanke shawara. Mai Gemu yana ta rubutu, na uku yana ta yankewa.

Sai Mai Kyanwa ta ture jelar kyanwa daga fuskarta ta ce, saboda ƙa'ida, tana so ta ji daga bakinsu: kowa da son ransa ya zo?

Auta ta fassara. Tela ya miƙe, benci ya biyo shi, ya zaunar da shi.

"Ranki ya daɗe, ai kawunki ya ce duk wanda bai zo ba, daga shagonsa za a fara. Mun zo ne don kada a zo mana."

"Ni har da matata na kawo," in ji mai kemis, "ko za a yi mana sassauci."

Aji ya ɗauki dariya. Auta ta waiwaya. Kawu na can baya yana duba silin kamar shi ya buga shi. Fuskoki biyu da rabi na jira a allo. Ta san sarai abin da littafin ƙa'ida ya ce a kan tsorata mutane, don ita ke koyar da babin. Ta kuma san abin da ke jiranta in aka ce ƙasashe uku.

Ta gyara murya ta ce da Turanci, "Ya ce sun gwammace su zo da ƙafarsu. Wancan kuma ya ce har iyalinsa ya kawo."

Mai Kyanwa ta dafa ƙirji. Mai Gemu ya ce bai taɓa ganin kishin unguwa irin wannan ba, a nasa taron kujeru sun fi mutane yawa. Nan take ya yanke hukunci: Auta ce za ta rubuta sashen da ke bayyana yadda ake tara jama'a, daki-daki, don sauran ƙasashe su kwaikwaya, kuma sunanta ne zai zo farko.

Da aka watse ta tare Kawu a bakin ƙofa.

"Ka ji abin da ka jawo mini? Yanzu me zan rubuta?"

"An cire ki?"

"A'a."

"To." Ya ɗauki sandarsa ya sa ƙafa waje. "Rubuta cewa an wayar da kan jama'a."